Mota ɗaya tal: ta kai yara makaranta, ta kuma zama ɗakin kwana a hutu?

Baban Ummi, Leicester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a riƙe dariyar tukuna. Tsohuwar motarmu mai kujera bakwai ta fara ban kwana, da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake gwajin lafiyar mota na bana. Tunda dole sai na canza, sai raina ya biya irin ƙananan motocin nan masu gado da risho a ciki, waɗanda rufinsu yake ɗagawa sama. Bara mun je arewacin Wales, kuɗin masauki na kwana huɗu ya kusa sa ni hawaye, ga wahalar neman abincin halal a ƙauye. Matsalar ita ce wurin fakin ɗaya gare ni, shi ma a bakin titi, kuma ba ni da halin riƙe mota biyu. Ita za ta kai yara makaranta da islamiyya, ita za ta je cefane, ita za ta kai mu hutu. Mu biyar ne: ni, maman yara, Ummi mai shekara 11, ƙaninta mai 8, sai auta mai 2. Abin da zan iya tarawa bai wuce fam 25,000 ba. Wanda ya taɓa riƙe irinta ya taimaka.

Autan Fagge, Kano:
Wa alaikumus salam. Yaya, wato kun gama da wayar tafi-da-gidanka kun koma motar tafi-da-gidanka. Mu nan in ka kwana a mota, to lalacewa ta yi da kai a hanyar Gwari.

Kawu, Landan:
Ɗana, rabu da wannan yaron. Shekara tara ke nan ina da irinta, sai dai tawa babba ce, a kan Fiat Ducato aka gina ta, mai tsawon mita 5.99. Akwai banɗaki, akwai wurin wanka, kana miƙewa tsaye ba ka sunkuya ba. Idan ka saba da alwala da ruwan ɗumi a cikin motarka da asuba a tsakiyar Scotland, ba za ka sake kallon waɗannan ƙananan ba. Ka nemi mai mita 5.41, ta fi tawa gajarta, ka huta.

Maman Biyu, Manchester:
Kawu, da girmanka, amma kai da Gwaggo ne kawai a ciki, kuma na san akwai ƙaramar mota a ƙofar gidanka. Wa zai shiga layukan unguwar Highfields ta Leicester da Ducato ƙarfe takwas da rabi na safe? Baban Ummi, tambaya ɗaya: wa yake tuƙa yaran zuwa makaranta?

Baban Ummi, Leicester:
Mamansu ce, Hajiya. Ni bas nake shiga zuwa aiki.

Maman Biyu, Manchester:
To ashe ba motarka ba ce. Ka ɗauki takarda ka lissafa: kwana nawa za ku kwana a cikinta a shekara? Ko kun yi ƙoƙari, 20 zuwa 25. Sauran kwana 340 ɗin ita ce za ta yi ribas da ita tsakanin motocin maƙwabta, da ɗan shekara biyu yana ihu a baya. Ka shigo da ita cikin maganar nan kafin ka je ka yi mata ba-zata.

Ɗan Zango, Hamburg:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da abin da na sani, don ni irin wannan rayuwar nake yi shekara huɗu, mota ɗaya, yara uku.

Abu na farko ba gado ba ne, kujera ce mai bel. Mutane suna kallon hoton risho da firij su manta da ƙirga kujeru. Volkswagen California nau'in Ocean, wadda kowa yake mafarki, bencin bayanta na mutum biyu ne, saboda kabad ɗin girki ya cinye gefe ɗaya. Kujera huɗu ke nan. Marco Polo ta Mercedes ma haka take zuwa. Ku biyar ne, don haka waɗannan biyun sun fita, sai dai in za a ƙara wata kujera a tsakiya, ita kuma sai an fitar da ita kafin a shimfiɗa gado. Wadda ta dace da iyali biyar ita ce California Beach mai benci na mutum uku, ko Ford Nugget, wadda aka mayar da kicin ɗinta can baya, aka bar benci mai mutum uku a tsakiya.

Abu na biyu tsayi. California samfurin T6.1 tsawonta kusan mita 4.9 ne, tsayinta kuwa 1.99, kuma ba haɗari ba ne ya kawo wannan lambar. Yawancin wuraren fakin na ƙarƙashin ƙasa da masu hawa-hawa ƙarfen ƙofarsu a wajen mita biyu yake. Ducato ɗin Kawu ya haura mita biyu da rabi, ko asibiti ka je sai ka nemi fili a waje. Nugget ta da, ita ma ta ɗan haura mita biyun, don haka ka je da abin awo, kada ka yarda da bakin dillali.

Baban Ummi, Leicester:
Allah ya saka da alheri. Na duba farashin California ɗin yanzu, na rufe wayar na yi salati. Sabuwa ta haura fam 60,000, ta hannu ma ba ta san ta tsufa ba.

Ɗan Zango, Hamburg:
Haka take, ba ta faɗuwa. Daɗinta ke nan ranar sayarwa, ɗacinta ke nan ranar saye. Kuma ga wani abu da ya shafe ku can Ingila: a Hannover ake haɗa ta, kuma ƙofar zamiya ta tsohuwar Ocean a dama take ko da sitiyarin dama ne. Mu nan dama ce gefen masu tafiya a ƙasa. Ku can dama ce gefen titi. Wato yaro zai sauka a bakin makaranta kai tsaye cikin motoci. Beach Tour tana da ƙofa hagu da dama, haka ma sabuwar da ta fito a 2024, amma waccan ba ta aljihunmu ba ce.

Injiniya, Birmingham:
Ni ta wajen inji zan shigo. Makarantar yaran mil nawa ce daga gida?

Baban Ummi, Leicester:
Ba ta kai mil biyu ba. Islamiyya mil ɗaya da ɗan abu.

Injiniya, Birmingham:
To nan gizo yake saƙar. Kusan duk waɗanda aka lissafa maka dizal suke sha, kuma dizal na zamani yana da matatar hayaƙi a salansa, wadda take tara baƙin toka. Ba ta wanke kanta sai injin ya yi zafi sosai an ɗan jima ana gudu a babbar hanya. Mil biyu zuwa, mil biyu dawowa, a sanyin Janairu, injin ko ɗumi bai yi ba an kashe shi. Wata shida sai fitila ta kama a gaban direba. Kowane mako ana kawo mini irin wannan gareji, kuma kusan kullum motar kai yara makaranta ce. In ka sayi dizal, ka ɗaura niyyar hawa babbar hanyar M1 ko M69 sau ɗaya a mako ka ba ta wuta na minti talatin. In ba za ka iya ba, nemi mai fetur.

Tsohon dizal kuma ba mafita ba ne. In bai kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba, shiga tsakiyar Birmingham fam 8 ne a rana tun Yunin 2021, Landan kuwa fam 12.50, kuma tun Agustan 2023 dokar ta game duk unguwannin birnin. Na san kana zuwa wajen surukanka a Landan.

Da kuɗinka, ni Toyota Alphard zan duba, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Japan. Sitiyarin dama, fetur, ƙofa biyu, giya otomatik, tana tafiya kamar ƙaramar mota. Akwai masu sa mata rufi mai ɗagawa da ɗan kicin. Tana shan mai, ban ɓoye maka ba, kuma kafin ka biya ka sa lambarta a shafin hukumar sufuri ta Landan ka ga ko za a caje ta.

Mai Bongo, Bradford:
Duk wannan dogon turanci, Mazda Bongo ta gama magana. Kujera takwas, rufi yana ɗagawa da maɓalli, siririya ce tana shiga kowane lungu, kuma da kwata na kuɗinka za ka same ta. Sauran ka tura gida a sa maka bulo.

Injiniya, Birmingham:
Malam, an daina ƙera wannan samfurin tun 2005. Mafi ƙuruciyarsu ta isa aure. Tsatsa a bakin tayoyin baya, injin a ƙarƙashin kujerar direba, in ruwa ya tsiyaye ba ka sani ba sai kan injin ya tafi. Kuma ina zai maƙala kujerar auta? Babu ƙugiyoyin ISOFIX.

Mai Bongo, Bradford:
Da bel ake ɗaurewa, kamar yadda aka ɗaure mu.

Maman Biyu, Manchester:
Kai a bayan akori-kura aka kawo ka daga Funtuwa, ba wanda ya ɗaure ka.

Injiniya, Birmingham:
Tunda an zo maganar kujera, ga gargaɗi, kuma wannan ba wasa. Da fam 25,000 abin da za ka fi gani a kasuwa shi ne motar kaya, Transporter ko Transit Custom ko Vivaro, da wani ya yanka mata taga ya sa gado. Wasu aikin ƙwararru ne, wasu kuma a bayan gida aka yi da kallon bidiyo. Bencin bayan nan da yake kwanciya ya zama gado, a kansa 'ya'yanka za su zauna ana gudun mil 70. Ka nemi takardar da ta nuna an yi masa gwajin karo, ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga yadda aka ɗaure shi, da faranti na ƙarfe ko da 'yan kusoshi a katako. In mai motar ya fara kame-kame, ka yi masa sallama. Kujera mai kallon gefe kuma ba ta yaro ba ce ko da an sa mata bel. Dokar nan ta ce yaro yana kan kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, don haka ka tafi da kujerun yaranka biyu ka jera su a bencin ka ga ko Ummi za ta samu wurin zama.

Ɗan Zango, Hamburg:
A Jamus santimita 150 ne, in za ku tsallako.

Ɗan Damagaram, Lyon:
Sannunku da hira. Maganar mita biyu da ɗan'uwana na Hamburg ya yi, a Faransa kuɗi ce tsaba. A manyan hanyoyinmu na biya, motar da ba ta haura mita biyu ba aji na ɗaya ce, kuɗin ƙaramar mota. Daga mita biyu zuwa uku aji na biyu, kuɗin ya tashi. Na'ura ce take auna ka a ƙofa, ba ruwanta da magiya. Sai dai akwatin da ka ɗora a kan rufi, a ƙa'ida ba a lissafa shi cikin tsayin. Daga Calais zuwa iyakar Sifaniya za ka ji bambancin a jikinka. Mu kowace bazara muna sauka har Algeciras mu hau jirgin ruwa zuwa Tanger Med, kuma can ne na san amfanin motar: yara suna barci, uwargida ta ɗora shayi, ba mai neman otal ƙarfe biyun dare. Ka sayi sitikar Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin mota, kafin ka zo, a shafin gwamnati, kuɗinta kaɗan ne, masu shafukan bogi suna ninkawa.

Kawu, Landan:
Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya taɓo abin da ya fi damun Musulmi a tafiya. Ina za a kama ruwa? Ina mace za ta yi alwala? Turawan da suka zana ƙananan nan ba su san buta ba. Ƙarfe uku na dare, ana ruwa, yarinya ta ce za ta zaga. Sai ka tashi kowa, ka naɗe gado, ka jawo fo daga ƙarƙashin benci? Kuma yarinya mai shekara 11 da ƙaninta mai 8, an ce a raba musu makwanci. Gado biyu ne a motar, sama da ƙasa. Yi mini lissafin.

Ɗan Zango, Hamburg:
Kawu ya kama ni a nan. Yadda muke yi: uwa da 'ya mace da auta a ƙasa, tunda gadon Beach na ƙasa yana da faɗi, kusan mita ɗaya da rabi, ni da namijin a sama. Na saman faɗinsa mita 1.2 ne, kuma bangonsa tamfol ne, duk abin da ake yi a waje kana ji, sanyi ma haka. Banɗaki kuwa, gaskiya mu a sansanin da ke da bayi da wurin wanka muke sauka, kowa da butarsa. Muna da ɗan tanti tsaye kamar akwatin waya da fo na sinadari don dare. Salla a waje kan tabarma in babu ruwa, in ana ruwa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar mota, da rufin a ɗage mutum yana tsayawa.

Kawu, Landan:
Wato ka sayi mota mai tsada don ka riƙa kafa tanti. To.

Malam Na Sheffield:
Afuwan, ban ga an yi maganar yadda za a biya ba. Dillalan nan da ka nuna sha'awa za su ce kawo kaza, sauran wata-wata. Akwai ruwa a ciki. Kada son hutu ya kai mutum ga riba.

Baban Ummi, Leicester:
Allah ya kiyaye, Malam. Shi ya sa na faɗi iyakar abin da ke hannuna. Adashi ne da ajiyar shekara uku.

Autan Fagge, Kano:
Yaya, in kun gaji da ita a saka a kwantena a turo mini. Kano zuwa Abuja, fasinja yana kwance ana dafa masa indomi. Kujera dubu hamsin.

Injiniya, Birmingham:
Sitiyarin dama ce, Auta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kwastan ba za su sakar maka ita ba. Ka roƙi na Hamburg.

Maman Ummi, Leicester:
Assalamu alaikum. Hajiya Maman Biyu ce ta kira ni ta ce in zo in ga abin da ake ƙullawa a kaina. Na karanta tun daga sama. Abban Ummi bai faɗa muku cewa ranar Asabar nakan ɗauko yaran maƙwabciyata biyu daga islamiyya ba, ita kuma ta ɗauko nawa ranar Lahadi. Yara biyar ke nan. Bai faɗa muku buhun shinkafa da jarkar mai da keken auta duk a but suke shiga ba. Kuma duk wanda ya ce hutu ne a kai ni wani fili in tsuguna ina tuƙa tuwo a risho mai kai ɗaya, in wanke tukunya da ruwan gora, to mu yi magana. Ban ƙi ba, ina son yaran su ga duniya. Amma ba zan ba da kujera bakwai in karɓi biyar da kabad ba.

Maman Biyu, Manchester:
Yauwa ƙanwata.

Kawu, Landan:
'Yata, kin fi mu gaskiya. Gwaggonki ma sai da muka yi yarjejeniya: a tafiya ni ne mai girki.

Ɗan Zango, Hamburg:
To ai Hajiya ta warware. Ba kicin kuke buƙata ba, rufi kuke buƙata. A nemi mota mai kujera bakwai ko takwas wadda kujerunta suke kwanciya, a sa mata rufi mai ɗagawa, kicin kuma na akwati wanda ake ɗorawa a but ranar tafiya a sauke ranar dawowa. Alphard ɗin Injiniya tana yin haka, Volkswagen Caravelle ma tana yi. Sai dai ku kula da nauyi. Lasin na yau da kullum kilo 3,500 ne iyakarsa, wannan ba zai dame ku ba, amma kowace mota tana da nata iyakar a rubuce a jikin ƙofa, kuma rufin kansa yana da nauyi. Mutum biyar, ruwa lita 20 kilo 20 ne, tanti, tukwane, kayan sanyi. In kun loda, ku hau sikelin manyan motoci sau ɗaya ku san inda kuke.

Injiniya, Birmingham:
Kuma ku faɗa wa masu inshora an yanka rufi. In ba ku faɗa ba, ranar tsautsayi za su zame. Na'urar gano hayaƙin gas mai kisa a cikin mota dole ce, kuma ba a kunna risho don jin ɗumi da dare, ko minti biyar.

Maman Biyu, Manchester:
Kafin a kashe ko fam ɗaya: ku yi hayar irinta na kwana uku. Ba a Yuli ba, yanzu da ake ruwa. Ku karɓe ta ranar Juma'a da safe, Maman Ummi ta kai yara makaranta da ita, ta faka a layinku, ta shiga wurin fakin kasuwa, sannan ku wuce yankin shaƙatawa na Peak District ku kwana biyu. A Oktoba kuma ana baje kolin irin motocin nan a zauren NEC na Birmingham, ku je da yaran ku hau kowace ku kwanta, ba mai hana ku.

Baban Ummi, Leicester:
Salam. Mun bi shawarar Hajiya, mun dawo jiya, ga rahoto. Mun yi hayar mai kujera biyar da rufi mai ɗagawa. Tuƙi ba matsala, maman yara ta ce ta ma fi ganin hanya daga sama, kuma ta faka a layinmu a karo na biyu. Daren farko ba wanda ya yi barci, auta ya gano tsani. Kujerun yara biyu sai an kwance su kowane dare kafin a shimfiɗa gado, ba inda za a ajiye su sai kujerar direba, da safe a mayar. Wannan ba wanda ya faɗa mini. Takalma biyar masu taɓo ma ba su da wuri. Dare na biyu ruwa ya ɗauke, muka yi magariba a kan ciyawa, tumaki suna kallonmu, Ummi ta ce kada mu koma gida. Kawu, maganar ƙarfe uku na dare ta faru, kuma ni aka tasa.

Maman Ummi, Leicester:
Shi ya yi girki kwana biyun, Kawu, na gode da wannan fatawa. Indomi da ƙwai sau huɗu. Na yarda da rufin, ban yarda da kabad ba. Injiniya, akwai wata Alphard mai kujera takwas da muka gani a Coventry, ba a taɓa ta ba, ta 2012. In Allah ya kai mu Asabar za ka samu zuwa ka leƙa mana ƙarƙashinta?

Injiniya, Birmingham:
In sha Allah, Hajiya, bayan azahar. Ku ce wa mai ita kada ya tayar da injin kafin mu zo, a sanyi nake son jin ta. Ku tambaye shi takardar gwanjon Japan da ta nuna kilomitocinta na asali. Kuma ku taho da kujerun yaran.

Mai Bongo, Bradford:
In ba ta yi ba, tawa tana nan. Na sa mata sabon lagireto.